Fuskar Falke a Murfin Akwati

Shekarar da aka buɗe jam'iyyu, bayan an tashi daga babban taron ƙasa, ina koyarwa a lakol ɗin Cadawa, wato makarantar boko. Kafin ka ce me, kowa a garin ya zama ɗan siyasa. Mai shayi yana da jam'iyya, mai faci yana da tasa, hatta masu amalanke sun rabu gida biyu a bakin kasuwa, kowa da launin ƙyallen da ya ɗaura wa jakinsa. Mu malamai an ja mana kunne daga sama: kowa ya so wanda yake so a ransa, amma kada a ji ko ƙamshin siyasa a cikin lakol. Ni dama ba ta dame ni ba. Abin da ya ɗauke mini hankali a lokacin wani wasa ne da muke yi bayan la'asar, mu biyar, a kan teburin babban aji in yara sun tashi.

A Yamai na koyo shi lokacin karatu, wurin wani Bature da muka yi maƙwabtaka. Mutum ɗaya ke riƙe labari, ni ke nan. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi: wannan maharbi, wannan ɗan kokawa, wannan boka, wannan falke. Sai in ce, "Kun iso bakin gulbi, ruwa ya kawo, ga 'yan fashi a bayanku, me za ku yi?" Kowa ya faɗi dabararsa, a jefa ƙwaya irin ta ludo, ita ke nuna ko dabarar ta ci ko ta faɗi. Ga mu manya da gemu, muna ta hayaniya a kan gulbin da babu shi. Kowane mutumin wasa yana da katinsa. Gaba hoton fuskarsa, baya kuma halayensa da makinsu, daga ɗaya zuwa goma.

Abokina malamin ƙaramin aji shi ya zana katunan a kan kwalin sukari. Bagobiri ne, mutumin Sae Sabuwa, marar yawan magana, irin mutanen da za ka tambaye su lafiya su yi tunani kafin su amsa. Shekara shida muna tare. Ba ya ƙirƙirar fuska da ka. Duk inda ya ga hoton da ya burge shi, a kalanda ko mujalla ko kwalin shayi, sai ya zauna ya kwafe shi a kaye, wato littafin rubutunsa, in ana bukata ya ɗauko daga can. Duk ranar Asabar yana hawa keke ya tafi gida, domin mahaifiyarsa makauniya ce, kuma shi kaɗai ne ɗanta namiji da ya rage.

Falken nan ni na ƙirƙire shi, kuma na yi shi mugu da gangan don wasa ya yi armashi. A bayan katinsa aka rubuta da manyan baƙi: maci amana, ƙarya goma, wayo tara, tausayi ɗaya. Wanda ke riƙe da shi a cikinmu ya manta katin a aljihun riga, ya ba mai wanki. Mai wanki ya zaro, ya duba, ya ce, "A'a, ga Alhaji!"

Alhajin da yake nufi babban ɗan kasuwar aya da wake ne, ɗan wani tsohon gida na Tibiri da ya zauna Cadawa, kuma shi ke riƙe da ɗaya daga manyan jam'iyyun biyu a garin. Kwana biyu ba su cika ba, 'yan ɗaya jam'iyyar suka kai katin Maraɗi aka buga shi a inji, gaba da baya, suka bi rumfunan kasuwa suna liƙawa. Na tsaya gaban wata rumfa na duba. Rawani, dogon hanci, gemu mai tsini, ido ɗaya a ɗan lumshe, ga tsagen Gobir a kumatu. Wata huɗu ina kallon katin nan a kan tebur ban taɓa ganin Alhaji a ciki ba, amma da aka faɗa sai na kasa ganin kowa sai shi. Kuma duk Cadawa an san hannu ɗaya ne ke zane haka.

Aka kira mu zauren mai gari, da ni da abokina da direktan lakol. Ainihin katin ya riga ya faɗa hannun Alhaji, yana riƙe da shi da yatsa biyu kamar abin ƙazanta.

"Mushe," ya ce wa abokina, yadda ake kiran malaman lakol, "mi na yi maka? Ɗiyana uku na hannunka. Ka zana ni, har da tsagen gidanmu, ka ce mani maci amana."

Abokina ya dubi katin. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, fuskar nan daga kalanda na ɗauke ta, a shagon wani tela a Gazawa. Tun ban zo garin ga ba, tun ban san ka ba."

"To, a kawo kalandar. Ran kasuwa, nan, da hantsi. In na gani da idona, magana ta mutu. In ba a kawo ba, zan tahi Maraɗi, kuma ka san waɗanda nike cin tuwo da su."

Mun sani. A lokacin ba a korar malami a kan irin wannan, sai dai a ɗauke shi a jefa shi wani lakol da ko mota ba ta zuwa sai sau ɗaya a mako. Ga wani wannan wahala ce kawai. Ga abokina kuwa, tsohuwa ce za a bari a ɗaki ba mai leƙa ta sai maƙwabta. Kwana uku suka rage kasuwa, direkta kuma ya ce kada ƙafarsa ta bar gari, don kar a ce ya gudu. Na ce ni zan je. Ina da moto, wato babur, ina da rawar kai, kuma a raina na san ni na jawo, tunda ni na ce a yi falken mugu. Ban ko tsaya mun yi magana mai tsawo ba. Ya kwatanta mini shagon, na buga moto.

Damina ce, hanya duk taɓo daga an sauka kwalta. Kafin in kai Agye sau biyu ina cin karo da ayarin 'yan siyasa, motoci cike da matasa suna kaɗa tuta. A wuri na biyu suka tare ni, suka ce in ɗaga hannu in yi alamar jam'iyyarsu. Na ɗaga. Da 'yan ɗaya ɓangaren ne ma zan ɗaga, ba ni da lokacin yin jarumta.

Na sami telan a Gazawa, dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Ya tuna abokina sarai. "Mushen nan mai shiru, wanda ke zama nan yana zane har in manta da shi?" Na ce shi. Na ɗaga kai na dubi bangon shagon. Daga sama har ƙasa hotunan 'yan takara ne, na kowace jam'iyya, domin tela ba ya ɓata da kowa. Babu kalanda ko ɗaya.

"Baba, ina tsohuwar kalandar da ke nan, mai hotunan mutanen da?"

"Ai na cire ta bara. Wuri ya yi kaɗan."

"Ka yar?"

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya gyara zaren, duk ina tsaye kamar in shaƙe shi. Ya ce wasu shafukan an naɗe tsire da su, wannan kam babu shakka. Amma ƙanwarsa da ke aure a Gidan Sori ta zo ganin gida, ta zaɓi masu kyau ta tafi da su, wai za ta yi wa akwatinta ado. Wanne da wanne ta ɗauka, bai sani ba.

Gidan Sori na can yamma, bayan Maraɗi da Tibiri. Wato duk tafiyar da na yi sai in kwance ta, in ƙara wata a kai. Na kwana Gazawa, da asuba na juya. Na wuce Cadawa ta kan kwalta ban tsaya ba, don ban san abin da zan ce wa abokina ba in ya tambaye ni. Bayan Tibiri hanya ta zama yashi da ruwa, taya ta yi faci, na tura moto har sai da wani mai amalanke ya ji tausayina ya ɗora mu, ni da ita, a kan buhunan dusa. La'asar ta yi kafin in shiga garin.

Ƙanwar telan mace ce babba, mai jikoki. Mijinta ya shigar da ni tsakar gida bayan na yi bayani sau biyu, shi ma bai gama fahimtar yadda malaman lakol ke zama suna wasan 'yan fashi ba. Ita kuwa dariya ta yi ta yi.

"Yanzu Mushe, tun daga Cadawa kan takarda? To Allah shi kyauta."

Aka fito da akwatin, irin na ƙarfe mai fenti kore. Ta buɗe. Cikin murfin duk an liƙe shi da hotuna, an shafa ƙaro an manne, yadda mata ke yi don tsatsa kada ta taɓa zannuwa, kuma don in an buɗe a ga abin sha'awa. Ga wata mata ɗauke da tulu, ga mahayin raƙumi. A kusurwar hagu, rabin rawaninsa a ƙarƙashin wani hoton, ga falke.

Ba hoton kyamara ba ne. Wani ne ya zana shi da fenti aka buga, har ana ganin sawun burushi a rawanin, da ɗan sa hannu a ƙasa wanda ba ya karantuwa. Hancin nan ne, gemun nan ne, idon nan a lumshe. Abokina bai yi ƙarya ba. Na ji hawaye na neman zubo mini a gaban mutane, na yi hamdala a fili. Sai na ƙara matsawa kusa, murnar ta gushe. Kumatun mutumin sumul suke, babu tsage ko ɗaya.

Matar ta ɗumama ruwa, ta riƙa shafawa a gefen takardar da tsumma tana ɗagawa da reza a hankali, har ta fita ba ta yage ba. Ta ce in kawo mata abinta in an gama. Na yi alkawari, na sa a cikin kaye, na yi godiya da bakin da ba nawa ba.

Duk hanyar komawa abu ɗaya nake juyawa. In fuskar daga kalanda take, tsagen daga ina? Wani ya ƙara su, kuma hannu ɗaya ne ya taɓa katin. Na tuna wata rana da Alhaji ya sa aka ɗauke bencinan lakol don taron jam'iyya, yara suka zauna a ƙasa kwana biyu, na ga yadda abokina ya cije leɓe. Na ce a raina, ashe mai shirun nan ya rama ta hanyarsa. Ban ji haushinsa ba, har wani ɗan burge ni ya yi. Amma na ga abin da zai faru a zaure: Alhaji zai ɗora kalanda kusa da kati, ya ce ga fuska ba tsage, ga fuska da tsage, wa ya sa? Shi ke nan an gama da shi.

Na kwana Maraɗi gidan wani ɗan'uwa. Da safe, ranar kasuwa, na kama hanyar Cadawa, na yi nisa kaɗan sai na sauka na tsaya ƙarƙashin wani gawo. Na fito da takardar na shimfiɗa a kan sirdin moto. Akwai baƙin alƙalami mai siririn baki a aljihuna. Na daɗe ina kallonsa. Ni jikan Katsinawa ne, kakanninmu daga kudu suka ƙetaro, kuma mahaifina bai bari wanzami ya taɓa fuskar ko ɗayanmu ba. Amma tsagen Gobir ai kullum ina ganinsu, daga gefen baki su bazu zuwa kunne, wane ne bai san su ba? Na ja layi na farko da ƙyar. Na biyu ya fi sauƙi. Na yi shida a dama, na yi shida a hagu, na daidaita su tsaf. Na bari ya bushe, na ɗebi ƙura na shafa a kai don ya yi kama da tsoho. Da na ɗaga shi a rana, wallahi sai na ji daɗin aikina.

Na iso zaure an riga an zauna. Mutane sun cika ƙofa, 'yan jam'iyyun biyu kowa ya ja gefe, ana harare-harare. Abokina na zaune kusa da direkta, ya rame a kwana ukun nan. Da ya gan ni da kaye a hannu sai ya rufe ido ya sauke numfashi. Ban kai gare shi ba, mai gari ya miƙo hannu, na ba shi takardar, ya miƙa wa Alhaji.

Alhaji ya ɗora takardar a gwiwa, ya ajiye katin kusa da ita. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Ikon Allah," ya ce. "Wanga kam kamar uwa ɗaya ta haife mu."

Aka yi 'yar dariya, har da mai gari. Na ji kafaɗuna sun sauka. Alhaji ya ɗaga takardar zai miƙa wa na kusa da shi, sai ya fasa. Ya matso da ita kusa da ido. Ya sa farcen ɗan yatsa a kuncin hoton yana bi layi-layi, leɓensa na motsi. Ya koma ɗaya kuncin.

"Shida," ya ce. "Nan ma shida." Ya ɗago kai. "Wane wanzami ne ya yi ma Bagobiri shida da shida? Mu shida da bakwai anka yi muna, tun kakanni." Ya ɗauki katin ya ƙirga a fili, kowa na ji. Shida a kunci guda, bakwai a ɗayan. Sannan ya lashi babban yatsa ya murza kuncin falken kalanda. Ya ɗaga yatsan sama. Baƙi ƙirin.

Hayaniya ta tashi a ƙofa, mai gari ya daka tsawa. Abokina ya miƙa hannu aka ba shi takardar. Ya dube ta, sannan ya dube ni, kuma ban taɓa ganin irin kallon nan a fuskarsa ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "kalandar ba ta da tsage. Ban taɓa cewa tana da su ba. Ni na sa su a kati, kuma ba naka ba ne na sa, nawa ne. Ga su a fuskata, a ƙirga. In na zana namiji na bar kumatunsa haka, sai in ga kamar ban gama ba. A aika a ɗauko sauran katunan, maharbin da bokan da ɗan kokawar, duk haka suke."

Aka aika. Duk haka suke, shida da bakwai, kowanensu. Wata huɗu suna gabana a kan tebur. Shekara shida fuskarsa na gabana, ban taɓa ƙirgawa ba.

Na miƙe na ce ni na yi, a hanya na yi, shi bai san komai ba, in akwai hukunci a kaina ya kamata ya faɗa. Na rantse. Na faɗi har inuwar da na tsaya. Alhaji ya bar ni na gama, bai katse ni ba.

"Na ji," ya ce. "Da takardar ta zo yadda take, da bayanin da ya yi yanzu, da na tashi na kama hannunshi, don na san gidansu, tsagenmu guda. Amma Mushe, hwaɗa mani. Mi ya sa ka zana?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Don ka ɗauka ya yi. Kai da kuke ci tare, kuke wasa tare, ka ga takarda ka ce lalle abokina ya zage ni, bari in ruhe mashi. To kai ba ka yarda da shi ba, ni za ka ce in yarda? Ga mutane a ƙohwa, mi zan ce masu?"

Ya naɗe katin da takardar ya sa a aljihu ya fita. Ko matar Gidan Sori ban iya mayar mata da abinta ba.

Na rubuta takarda zuwa sama na ɗauki laifin, na bi ta da ƙafa har buro biyu, wato ofisoshin hukuma. Aka karɓa aka sa a ƙarƙashin wasu takardu. Mako uku bayan haka takardar canjin wuri ta zo, sunan abokina ne a kai, ba nawa ba. An tura shi wani ƙauye can arewa maso gabas, tafiyar kwana biyu in an dace da mota. Ranar da zai tafi na je taya shi ɗaure kaya. Bai hana ni ba, bai kuma yi mini maganar ba. Da zai hau mota ya ce, "Ran Asabar akan kai wa tsohuwa goro da sabulu." Na ce na ji.

Asabar ta farko na hau moto na tafi Sae Sabuwa. Wata maƙwabciya ta raka ni har ƙofar ɗakin. Tsohuwar na zaune a kan tabarma tana ɓarar wake. Ta ji tsayuwar mutum, ta ture ƙwaryar gefe da sauri, fuskarta ta washe. Kafin in yi sallama ta miƙo hannu biyu, na durƙusa. Ta kama kaina, ta bi kumatuna da yatsu tun daga gefen baki har kunne, dama da hagu. Ta sake bi. Sannan ta sauke hannuwanta a kan cinya.

"Wanga ba nawa ba ne," ta ce. "Ɗan nan, shi yaushe za shi zo?"